Sharaɗin Turanci A Ƙofar Koyon Malanta

Wanda ya taso daga Kano ya bi hanyar Zariya da rani, da zarar ya haye gadar Tamburawa zai ga ƙasa ta sāke kama, gama ko'ina kore ne shar alhali sauran ƙasa ta bushe. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwanta zuwa Bunkure da Garun Malam da Kadawa da Kura, mutanen wannan yanki ba su da sauran hutun rani. Shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani. Ruwa ya kawo abinci, abinci ya kawo baƙi, ƙauyuka suka cika da yara. To amma yara ba kamar dashen tumatir ba ne da za a sakar musu ruwa a juya baya. Sai da malami, malamin kuwa shi ne ya yi ƙaranci, musamman a ƙauyukan da ke nesa da titi, inda wanda aka turo daga birni yakan zo da hantsi ya koma kafin azahar.

Alhali kuwa a cikin ƙauyukan nan akwai mutanen da koyarwa ita ce sana'arsu tun suna samari. A ɗauki misalin mutum mai shekara 35, ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da hannunsa, ya zauna gaban malaman zaure ya karanci Ahalari da Ishmawi da Risala, yana da yara 40 a ƙofar gidansa safe da yamma. Ya san yaro mai kaifin kai, ya san mai nauyin kai, ya san wanda yunwa ce ta hana shi biyawa. Iyayen yaran sun san ubansa. In wannan mutum ya ce yana so ya koyi aikin malanta bisa tsari, ya sami takarda, ya shiga makarantar firamare ta garinsu, me zai tarar?

Zai tarar cewa takardar Malanta Mai Daraja Ta Biyu, wadda dā ake shiga da ita, an daɗe da rufe makarantunta, yanzu mafi ƙanƙantar shaidar da doka ta yarda a koyar da ita ita ce NCE. Ba a kuwa shiga karatun NCE sai da takardar gama sakandare, kuma abin da ake fara dubawa cikinta shi ne Turanci. Makarantar horon malamai ta Sa'adatu Rimi tana nan Kumbotso, tafiyar da ba ta kai awa guda daga Kura ba, amma ga wannan mutum daidai take da bangon duniya. Ba a tambaye shi ko ya iya koyarwa ba. Ba a ma kai ga ganin fuskarsa ba, takarda ce ta kore shi tun daga bakin ƙofa.

Kada mai karatu ya zaci ana nufin a yar da Turanci. Haba! Yaron Kura da zai girma ya sayar da shinkafa ga kamfani, ya karanta abin da aka rubuta jikin kwalbar maganin feshi, ya zauna jarrabawa da yaron Ibadan, tilas ya san Turanci, kuma malamin da bai san shi ba ya cuce shi. Hasali ma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa an soke tsarin 2022 wanda ya ce a koyar da yara da harshen uwa shekara 6 na firamare, an mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Ko wannan shawara daidai ce ko kuskure, magana ce ta wata rana. Abin da ta nuna dai shi ne nauyin Turanci a kan malami ƙaruwa ya yi. Saboda haka gardamar a nan ba ta wajabcin sharaɗin ba ce, ta wurin da aka ajiye shi ce. An ajiye shi a ƙofar shiga, inda yake korar mutum tun bai fara ba, maimakon ƙofar fita, inda zai tilasta shi ya koya.

Akwai wata ƙasa ta Turawa da ake kira Ailan, tsibiri ne yamma da Ingila, wadda labarinta zai taimaka a fahimci zancen. Ingila ta mallake su ɗaruruwan shekaru har Turanci ya kusa cinye harshensu na gado. Da suka sami mulkin kansu a 1922 sai suka sa harshen nan cikin makarantu, tsarin mulkinsu na 1937 kuma ya kira shi harshen ƙasa na farko. Har yau ba mai zama cikakken malamin firamare a can sai ya nuna ya san shi, kuma babban mutum da ya dawo neman malanta bayan ya yi wata sana'a ba a ɗauke masa wannan sharaɗi. Su ma manyansu suna kuka da shi, gama wanda ya bar makaranta shekara 20 harshen ya zube masa. Amma sun bar hanya. Babba yana iya komawa ya sāke zama jarrabawar wannan darasi shi kaɗai. Masu koyon malanta ana tura su ƙauyukan da har yanzu ake magana da harshen, su zauna makonni cikin masu shi. Wanda ya koyo malanta a wata ƙasa kuwa ana yi masa rajista bisa sharaɗi, ya fara aiki, a ba shi wa'adi ya ci jarrabawar harshen. Watau sun riƙe sharaɗi da ƙarfi, amma sun kafa masa tsani.

Wani abin lura kuma, harshen da suke tsarewa haka nasu ne, wanda yawancin yaransu ma ba su tashi da shi a gida ba. A nan kuwa Hausa ce yaro ke zuwa da ita ranar da aka kai shi aji ɗaya, ba shi da wata, amma ba a tambayar mai neman malanta ko ya iya rubuta ta daidai, sai fa wanda ya zaɓi Hausa ta zama darasinsa. Tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta ce a fara wa yaro da harshen da ya sani. Shekaru suka shuɗe ana faɗa a takarda, ba a gwada malami a kai ba. Sau nawa aka ga allon aji an rubuta ƙasa kamar kasa, ɗaki kamar daki? Ko da Turancin za a koyar, da Hausa za a buɗe wa yaro ƙofarsa, kowane malamin ƙauye ya san haka ko bai faɗa gaban sufeto ba.

Ɗaukar manyan malamai a horar da su kuwa ba baƙon abu ba ne a Kano. Da Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nassarawa a 1909, da ajin malamai ya fara, mutane masu gemu waɗanda suka riga suka yi karatun allo, aka koya musu boko da lissafi da Hausa don su koyar. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa makarantar shari'a, aka ɗauko mata malamai daga Sudan, ita ce a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, daga 1954 kuma ta riƙa karɓar malaman Arabiyya na elementare da ba su sami horo ba tana gyara su. Da gwamnati ta buɗe karatun firamare kyauta ga kowa a 1976, buƙata ta sa aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don a horar da mutum yana bakin aikinsa. Duk sa'ad da malamai suka yi ƙaranci, hukuma takan sami dabarar faɗaɗa ƙofa. Gwamnatin Kano da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024, watau ta amsa cewa lokacin irin wannan dabara ne.

Sai dai kuma a faɗi gaskiya ga masu allo. Ba kowane alaramma ne ya cancanci aji ba. Akwai wanda tilawarsa ba ta da tsara amma bai iya fassara layi guda na Larabci ba, akwai wanda bai san wata hanyar ladabtarwa ba sai dorina. Hadda daraja ce babba, amma ba ita ce lissafi ba, ba ita ce sanin halin yaro mai shekara 6 da aka tara da 'yan'uwansa 70 cikin ɗaki guda ba. Wanda ke neman a buɗe masa ƙofa tilas ya yarda a gwada shi, ya yarda ya koma ɗalibi gaban wanda ya haifa a shekaru. Wasu girman kai zai hana su, waɗannan ba su ake magana ba.

Ga waɗanda suka yarda, abin da ake roƙon Ma'aikatar Ilmi ta Kano da hukumar kwalejojin ilmi ta ƙasa shi ne a yi wa wanda ya wuce shekara 30, kuma dagaci da limamin garinsa suka shaida ya daɗe yana koyarwa, jarrabawar shiga ta dabam: a ji karatunsa, a ga rubutunsa na Hausa, ajami da boko, a sa shi gaban yara a duba yadda yake yi da su. In ya ci, a ɗauke shi, a ba shi Turanci da lissafi gwargwadon buƙatarsa, amma kada a miƙa masa takarda sai ya ci jarrabawar Turancin da kowa ke ci, ba ragi ko na maki guda.

Kuma a duba lokaci. Mai iyali da gona a Kadawa ba zai bar dashe ko girbi ya tare a Kumbotso shekara 3 ba, aji na Asabar da Lahadi kuma ya faɗo ranakun da almajiransa ke gabansa. Makarantun allo Alhamis da Juma'a suke hutu. A sa ajin manya ranar Alhamis, a ɗaya daga cikin makarantun sakandare na Kura ko Bunkure, malaman kwaleji su fito wurinsu.