A zo Magariya a gwada katin memori

Duk wayar Android da ke hannun ɗan kasuwa a Magariya ko manomi a Dungas, Linux ce ƙashin bayanta. A cikinta akwai sashen da ke tsara inda hoto, waƙa ko wa'azi za su zauna a kati. Ƙananan katunan memori galibi suna zuwa ne da FAT32, tsohon tsarin da ba ya ajiye bayanin abin da yake shirin rubutawa. Batir ya mutu ana tsakiyar kwafi, fayil na iya tafiya ke nan. Ext4 da F2FS, wanda Samsung ta fitar a 2012, sun fi shi juriya.

Masu gina waɗannan tsare-tsare suna da xfstests, tarin gwaje-gwajen da har ɗaukewar wuta suke kwaikwaya. Madalla. Sai dai kwaikwayo daban, katin jabu na kasuwannin kan iyaka daban, balle wutar da muka ga yadda ta yi ƙaranci a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki.

A ganina, ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram su sayo irin katunan nan, su gwada su, su aika wa masu kula da Linux sakamakon. Manhajar gwajin kyauta ce, kuma kwamfuta ɗaya ta isa a fara.