Ba Mai Ganin Ƙeyarsa

A wannan wata za mu fara da labarin kanmu, ko da yake ba labarin yabo ba ne.

Shekarun baya an ba mu ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye, mu riƙa koya wa manya karatu da rubutu da maraice. Ran da aka buɗe aji benci bai isa ba, har waɗansu suka zo da tabarmi. Kafin wata uku sai jama'a suka soma zamewa ɗaya-ɗaya. Muka ce ai damina ce ta faɗi, kowa yana gona. Kaka ta zo, aka cika rumbuna, ba su dawo ba. Sai muka ce mutanen garin nan ba su san darajar ilimi ba.

Ran nan bayan an tashi, wani dattijo ya tsaya yana ɗaure fitilarsa a keke. Muka ce masa, "Baba, me ya kori mutane?" Ya yi jim, sa'an nan ya ce, "Malam, in faɗa maka, ba za ka ji haushi ba? Koyarwarka ba ta da laifi. Amma in mutum ya yi kuskure, sai ka maimaita kuskuren da ƙarfi kana murmushi, ga surukinsa zaune, ga ƙannensa. Mai furfura ba ya jure wannan sau biyu."

Daren nan ba mu yi barcin kirki ba. Mu a ganinmu raha muke yi domin aji ya yi daɗi. Ashe dukan gari sun san halinmu, mu kaɗai ne ba mu sani ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. A 1981 wani masani a ƙasar Suwidin, Ola Svenson, ya buga sakamakon tambayar da ya yi wa ɗalibai masu tuƙin mota, cewa kowa ya gwada gwanintarsa da ta sauran. A cikin 'yan Amurka, 93 daga cikin 100 suka sa kansu a rabin da ya fi iyawa. A cikin 'yan Suwidin kuwa 69 ne. To, rabi dai rabi ne, ba ya wuce 50. Haka tela yakan ce yadi ne bai isa ba, kafinta ya ce katako ne ɗanye, uwargida ta ce itace ne ya hana tuwo nuna.

Akwai wani mutumin Amurka, Benjamin Franklin, wanda hotonsa ke jikin takardar dala 100. An haife shi a 1706, yana ɗan shekara 12 aka sa shi koyon aikin ɗab'i a wurin wansa. Da ya zama saurayi sai ya rubuta halaye 12 da yake so ya mallaka, kamar kamewa wajen ci da sha, da tattali, da ƙwazo, da tsabta, da ajiye kome a wurinsa. Sai wani abokinsa ya gaya masa cewa mutane suna ganinsa mai girman kai, ba a iya gardama da shi. Bai sa wannan a lissafinsa ba, domin bai gan shi ba. Ya ƙara tawali'u, suka zama 13.

Ya sami ɗan littafi ya ja layuka, kwana bakwai a sama, halayen nan a gefe. Kowane dare yakan ɗiga baƙin ɗigo a inda ya kasa. Hali ɗaya yake sa wa ido a mako, saboda haka cikin mako 13 ya zaga duka, sau huɗu ke nan a shekara. Shi da kansa ya yarda cewa laifofinsa sun fi yadda ya zata, kuma ajiye kome a wurinsa ya gagare shi har tsufa. Duk da haka ya ce ƙoƙarin ya gyara shi ƙwarai.

Me za mu ɗauka a nan? Da fari, mu yi tambaya, gama ƙeya sai wani ya duba mana. Amma kada mu ce, "Yaya ka ga aikina?" Amsar ita ce, "Madalla." Gara mu ce, "Wane abu guda nake yi da ke wahalshe ka?" Mu tambayi na ƙasa da mu kuma, wato yaron shago, da ɗalibi, da 'ya'yanmu, gama su ne suke ɗauke da nauyin halinmu. Maigida ya tambayi matarsa, ita ma ta tambaye shi.

Na biyu, in an faɗa, mu kama bakinmu. Wanda ya ba da hujja a ranar fari, ba za a sake gaya masa gaskiya ba. Mu yi godiya, mu kwana da maganar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na uku, mu ɗauki hali ɗaya tak, mu bi shi mako guda, muna dubawa kowane dare kafin mu kwanta. Mai son share gona duka rana ɗaya, gajiya kaɗai zai samu.

Mu dai mun bi gida gida mun roƙi gafara. Da yawa sun dawo, waɗansunsu har suka kai ga rubuta wasiƙa da hannunsu. Amma akwai magidanci guda da ya karɓe mu da fara'a, ya ce ba kome, bai kuwa sake taka ajin ba. Da muka sake haɗuwa da shi bayan shekaru, dangwala yatsa yake yi a takarda. Da mun yi tambayar nan tun watan fari, da watakila yana sa hannu da alƙalami.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.