Tsoron baƙo, jarin ɗan siyasa

Ranar 16 ga Yuni, 2016, saura mako guda a kaɗa ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, Nigel Farage ya tsaya gaban wani ƙaton allon talla. A jikinsa akwai hoton dogon layin 'yan gudun hijira, wanda aka ɗauka a iyakar Kuroshiya da Sloveniya a 2015. Birtaniya ba ta cikin yarjejeniyar Schengen, wadda ta buɗe iyakoki tsakanin ƙasashen Turai, don haka babu ɗayansu da zai tsallaka zuwa can ba tare da bincike ba. Amma wa ke tambayar taswira bayan gabansa ya faɗi?

A wannan kamfen aka riƙa yayata cewa Turkiyya, mai mutum miliyan 76, na dab da shiga Tarayyar. Har yau ba ta shiga ba.

Tsoro ya yi aikinsa, kusan kashi 52 cikin ɗari suka zaɓi ficewa. To, sai me? A 2015, rarar masu shiga ƙasar a kan masu fita ta kai kusan 330,000. A shekarar da ta ƙare Yunin 2023 ta haura 900,000, a hannun gwamnatin da ta sha alwashin rage ta. Asibitoci da gidajen kula da tsofaffi na neman ma'aikata, jami'o'i na neman kuɗin ɗalibai daga waje. Shugabanni sun san haka sarai, shi ya sa suke ba da biza da rana, da dare su hau talabijin suna kukan mamaya.

Ba na musun kukan talakan Ingila. Haya ta yi tsada, layin asibiti ya yi tsawo. Sai dai daga 2010 gwamnati ta shafe shekaru tana tsuke bakin aljihu, kuma an daɗe ba a gina isassun gidaje ba. Ɗora laifin a kan baƙo ya fi arha, domin baƙi da yawa ba su da ƙuri'ar ramawa.

Kada mu yi saurin yi musu dariya. A Janairun 1983, da farashin mai ya karye ga zaɓe na tafe, gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, ciki har da 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. Tattalin arziki bai farfaɗo ba, kuma kafin shekarar ta fita soja sun karɓe mulki.

Duk wanda ya nuna maka baƙo ya ce ka ji tsoro, tambaye shi lissafin abin da ya yi da nasa wa'adin.