Wasiyya Ba Kiran Ajali Ba Ce: Tunatarwa Ga Masu Ƙananan 'Ya'ya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwana, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a Wurno da Rabah da Goronyo, wato magidanci ya ƙi jinin zancen wasiyya, kamar mai rubuta ta ya kira wa kansa ajali. Alhali hadisin Ibnu Umar da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim ya nuna bai dace mai abin wasiyya ya kwana biyu ba ta a rubuce ba. Waɗanda 'yan bindiga suka kashe a kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021 da niyyar komawa gida suka fito.

Dukiyar mutanenmu ba a banki take ba. Fadama ce, da shanun da aka ba Bafillace kiwo, da buhunan albasa da tafarnuwa da aka bayar bashi, da gonar da aka jinginar. Duk wannan lissafi yana cikin kan mutum ɗaya, ranar da aka kai shi makwancinsa an binne har da lissafin. Sai mai riƙe da jingina ya ce saye ya yi, uwar marayu tana cikin takaba, babban ɗanta bai wuce shekara 10 ba. Wa zai tsaya gaban alƙali? Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta sauka a kan rubuta bashi da kafa shaidu.

Rabon gado kam Allah ya gama shi a Suratun Nisa'i, ba ya jiran alƙalamin kowa. Abin da aka bar mana shi ne sulusi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya da shi sai in sauran magada sun yarda. A ganina babu wanda ya fi cancantar wannan sulusi kamar jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa, domin baffanninsa suna shamakance shi, ko da ubansa ne ya fi kowa wahala a gandun. Masar ta mayar da wannan wasiyya dole a dokarta ta 1946. Mu a nan, in kaka bai yi ba, shi ke nan.

A kuma kula da kyauta. A mazhabar Malikiyya kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu ta koma gado. Ɗaliban Risala sun san uba yana iya riƙe wa ƙaramin ɗansa abin da ya ba shi, amma ban da gidan da shi uban yake zaune a ciki.

Sannan uba ya ambaci wasiyyi, amintaccen da zai riƙe dukiyar yara har su yi hankali, ko da ba shi ne babba a dangi ba. A rubuta da ajami ko da boko, duk wanda ya sawwaƙa, amma a kafa adilai biyu shaida, domin takarda ita kaɗai ba ta isa hujja ba. A bar kwafi ɗaya wurin limami, uwar yara kuma ta san inda ɗayan yake.