Layar Banza Ba Ta Kai Labari Kasuwa

Ƴan uwa marubuta, akwai wata cuta da ta shigo cikin labarunmu na jarumta, kuma gara a faɗe ta tun ba ta zama ɗabi'a ba. Jarumi ya shiga ƙunci, maƙiya sun yi mashi zobe, mai karatu ya riƙe numfashi. Sai marubuci ya zura hannu aljihun jarumin ya hiddo wani zoben tsafi da ba a taɓa ambata ba, a murza, maƙiya su zube. Haba! Wa ya ƙera zoben? Da mi aka biya? Mi ke karya shi? Shiru. Wanga lalaci ne, kuma cin amanar mai karatu ne.

Ku dubi waɗanda muke kwaikwayo ma. A Amurka akwai wasan da ake kira Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Mutane kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda, mutum ɗaya yana jan labari, a jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20 don a ga ko abin da ka nufa ya yiwu. Wasan cike yake da takubba da zobba na sihiri, sai dai ba a samunsu a banza. A dokokin bugu na uku, na shekarar 2000, mai son ƙera irin wannan kaya sai ya zuba rabin kuɗin kayan, ya yi kwana guda yana aiki a kan kowane zinari 1000 na farashinsa, ya kuma sadaukar da wani kaso na ƙwarewar da ya tara. A bugu na biyar, na 2014, an ce manyan kayan sihiri masu ɗaurewa da mai su, mutum ba ya wuce uku. Mi ya sa? Don sun gane in abu ya zo da araha, wasa ya mutu.

To mu da muka tashi tsakanin Tasawa da Mayahi, sai Amurkawa sun koya muna wannan? Ko yaro ya san hanyar da laya ke bi. Malam ya rubuta, a naɗe da zare, baduku ya ɗinke da fata, a ba da abin sadaka. Kowane kaya da mazauninsa: guru a ƙugu, kambu a damtse. Kowane da aikinsa guda: layar zana ta ɓacewa ce, sagau na sandarar da hannun mai sara, maganin ƙarfe na ƴan tauri ne. Kuma duk wanda aka ba sai an kafa mashi sharaɗi, kada ka ci kaza, kada ka shiga wuri kaza da ita. Ranar da ya saɓa, ta karye. A sharaɗin nan labari yake, don maƙiyi mai wayo shi zai nema, kuma jarumi mai kwaɗayi da kansa zai taka shi.

Ku je filin kokowa ku gani. Tun da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi a Tawa a 1975, ƴan kokowa ke shiga fage da layu jingim. Kowa da nashi, amma dole ɗaya ya sha ƙasa. Da laya kaɗai ke ka da mutum, wa zai biya kuɗin shiga kallo?

Wasu za su ce mu bar zancen layu kwata-kwata, wai shirka ce. Rubuta abu daban, rataya shi daban. Abubakar Imam malami ne, bai hana shi rubuta Ruwan Bagaja ba, inda sai da jarumin ya sha baƙar wuya kafin ruwan ya shiga hannunsa.

Don haka duk wanda zai kawo muna labari mai kayan tsafi, ya zo da amsar tambaya uku: wa ya yi shi, mi aka rasa kafin a same shi, mi ke karya shi. In babu amsa, ya koma da kayensa gida ya sake zama.