Ɗaki Ɗaya, Suna Ɗaya, Bashin Mutum Biyu

Arlit gari ne da aka gina a 1969 domin ma'adinin uraniyum. SOMAIR, da ta soma haƙa a 1971, da COMINAK, da ta biyo baya a Akokan a 1978, sun gina wa ma'aikatansu gidaje. Malamin makarantar da gwamnati ta turo daga Damagaram, da ɗan tireda daga Maraɗi, da leburan ƴan kwangila, babu wanda ya gina musu komai. Haya suke kamawa, kuma sau da yawa mutum biyu ko uku ke haɗa kuɗi a ɗaki guda.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Abokin zama yakan daina biyan rabonsa, ko ya mayar da ɗakin matattarar baƙin da ba a san sana'arsu ba. A garin da ke kan hanyar Aljeriya, inda jami'an tsaro ke sa ido kan kaya da matafiya, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne: in aka tarar da haramtaccen abu a ɗaki, wanda aka sani da hayar shi za a fara tambaya.

Rufe mahaƙar COMINAK ranar 31 ga Maris 2021 ya ƙara tsananta lamarin. Ɗaruruwan ma'aikata da na ƴan kwangila sun rasa abin yi. Wanda aikinsa ya ƙare yana iya hawa motar Tawa da asuba, ya bar ɗan'uwansa da bashin watanni da takardun wuta da na ruwa.

To, wanda ya gaji da irin wannan zama, yaya zai fita? Kwashe kaya cikin dare ba mafita ba ce, domin alkawarin haya tsakaninsa da mai gida yake, kuma laifin abokin zama bai warware shi ba. Wanda ya kama ɗaki da sunansa shi kaɗai, duk bashin a wuyansa yake. In kuwa sunaye biyu ne a takarda, ƙa'idar dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ita ce ba a ɗora wa mutum rabon waninsa sai in an rubuta haka ƙarara. Wannan bambanci ne da yawancin masu haya ba su sani ba, saboda da baki ake ƙulla yawancin haya.

Hanya madaidaiciya ita ce mai son fita ya rubuta wa mai gida takardar sanarwa da kwanan wata, ya riƙe kwafinta. Ya biya abin da ke kansa, ya karɓi rasit. A duba ɗakin gaban shaidu biyu kafin a yi maganar kuɗin ajiya. In mai gida ya ƙi, a je wurin mai unguwa. In abin ya gagara, kotun Arlit tana nan.

Masu gidaje za su ce ba su suka zaɓa wa kowa aboki ba, kuma da kuɗin hayar suke ciyar da iyali. Gaskiyarsu ce. Amma mai gidan da ya san mutum uku ke kwana a ɗakinsa, ya ƙi rubuta sunayensu domin ya sami wanda zai maƙure, bai yi adalci ba.

Ya kamata hukumar gari da masu unguwanni su fito da takardar haya mai shafi guda, da Hausa da Tamashek da Faransanci, mai ɗauke da sunan kowa, da rabonsa, da wa'adin fita. Ƙungiyoyin ƙwadago da na ƴan kasuwa su raba ta ga duk sabon zuwa, tun kafin ya karɓi makulli.