Man Suyarka Ba Ya Ɓacewa a Bututu

'Yan'uwana ɗalibai, yau faɗa zan yi, kuma da kaina zan fara.

Mu huɗu ne a gidan haya a gabashin Landan. Da azumi kullum sai an soya ƙosai da nama, in an gama a tuttule man a wurin wanke-wanke, a bi shi da ruwan zafi da sabulu. Saura kwana uku Sallah, ruwan ƙazanta ya ɓullo a banɗakin wata dattijuwa da ke zaune a ƙasanmu. Mai gyaran famfo ya zaro curin kitse mai wari ya nuna mana, mai gida kuma ya zare kuɗin aikin daga ajiyarmu. Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar kallon da matar nan ta yi mana ba.

Da na ba da labarin a taron ƙungiya, wani ɗan'uwa cewa ya yi ai ruwan zafi na narkar da mai. Malam, na 'yan taku kaɗan ne! Da zarar man ya isa bututu mai sanyi sai ya daskare, ya manne a jikinsa. Can cikin magudanar gari ya haɗu da sinadarin kalsiyam ya taurare kamar siminti, ya riƙa cafke tsumman goge jarirai da ake jefawa a masai. Yashi kuma, na takalmin ƙwallo da ake wankewa a baho ko na bokitin magina, kwanciya yake yi a ƙasan bututu, ya rage wa ruwa hanya, ya cinye injinan turo ruwa.

Wani kuma ya ce ai muna biyan kuɗin ruwa, aikin kamfani ne. To, ga abin da kamfanin ke tararwa. A 2017, ƙarƙashin titin Whitechapel, wanda da yawanmu ke bi zuwa masallaci, ma'aikatan Thames Water sun ci karo da dutsen kitse mai nauyin tan 130, tsawonsa mita 250. Makonni tara suka yi suna farfasa shi cikin zafi da ɗoyi. Har gidan tarihin Landan sai da ya baje guntunsa a 2018. Magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya gina bayan warin da kogin Thames ya yi a 1858 sun jure shekara sama da 150, yau ga ludayin manmu yana shaƙe su. Kuɗin gyaran kuwa a takardar kuɗin ruwan kowa yake komawa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu ne masu zama mu zagi mutanen Kano kan cika kwata da leda da yashi duk damina. Wasunmu ma digiri na biyu suke yi a kan muhalli. Wanda bai iya kare bututun kicin ɗinsa ba, wace magudana zai gyara in ya koma gida?

Maganin ba wuya. Bari man ya huce, ka juye a kwalba, ka rufe, ka sa a shara ko ka kai wurin tara kayan sake sarrafawa na ƙaramar hukumarku. Goge kasko da takarda kafin wanki. Sa rariya a bakin bututu. Kakkaɓe takalmi a waje.

Idan ka ga abokin zamanka ya nufi famfo da kaskon mai, tare shi, ko da zai yi fushi. Gemunmu ya riga ya kama wuta. Ku shafa wa naku ruwa.